Akwai Ruwa a Hanya

Talata, bayan La'asar

An ɗora Baha a kan injin wankin ƙoda da rana. Likitar ta ce ƙodojinsa biyu sun daina aiki. Ba ta ce sun mutu ba. Na tambaye ta bambancin, ta ce lokaci ne zai nuna.

Abin da aka tabbatar zuwa yanzu shi ne, mijina ya faɗi ranar Lahadi a gudun fanfalaki na London, saura mil biyu da wani abu ya gama, gab da shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Blackfriars. Zafin jikinsa ya wuce arba'in da ɗaya. An lulluɓe shi da ƙanƙara a gefen titi, sannan aka kawo shi nan. Yana barcin magani, na'ura ce ke yi masa numfashi. Shekararsa arba'in da shida.

Na daɗe ina gyara labaran mutane a ɗakin labarai. Haka na iya rubutu. In na rubuta shi ta wata hanya ba zan iya karantawa ba.

Ni ma na yi gudun. Na gama. Medal ɗin yana cikin jaka.

Laraba, da hantsi

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Tun safe nake faɗin haka, ga 'yan ofis, ga matan unguwarmu ta Deptford, ga mutanen da ban san inda suka samo lambata ba. Da wani ɗan rahoto ne ya kawo min "da sauƙi" ba majiya, da na mayar masa da labarinsa.

Yaya Mahamudu, wan Baha, ya iso daga Birmingham da ƙaramar jaka da carbi. Ya daɗe a tsaye a kan gadon yana addu'a. Da ya shafa, ya juyo.

"Ke ma kin yi gudun?"

"Na yi, Yaya."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ya kalli ƙafafuna, ya kalli gadon. "To, sannu."

Ya ce an gaya wa Inna a Zariya cewa gajiyar gudu ce, likita ya hana shi riƙe waya. In ta kira ni, kada in ƙara, kada in rage.

Laraba, da yamma

Likitar ta ce jinin da suka auna ranar Lahadi ya nuna jikinsa ya bushe fiye da yadda suka saba gani, ko a rana mai zafi. Ta tambaya ko ya yi amai ko gudawa kafin gudun.

"Ya bushe?" in ji Yaya. "Ba a ba su ruwa ba ne?"

Da ta fita na bi ta har bakin lifta, na gaya mata abin da ya kamata likita ya sani. Ta tsaya, ta rubuta layi ɗaya, ba ta ɗago ta kalle ni ba. Na gode mata a kan haka.

Alhamis, da rana

Akwai leda a rataye gefen gadon, ta tara fitsari. Nas ɗin, Tina, takan ɗaga ta kowace awa, ta kalle ta a haske, ta rubuta sifiri.

Juma'a, bayan masallaci

Yaya ya dawo daga masallacin Regent's Park da labari.

"Wani ɗan Katsina ya gaya min ruwa ya ƙare musu a mil na ashirin. Mutane na tsintar robobin da aka yar suna lasa."

"Shi ya yi gudun?"

"Abokin aikin matarsa ne ya yi."

"Baki na uku ke nan, Yaya."

"Ni ba rediyo na zo ba. Ƙanena ne a kwance. Sun tara mutane sun shanya su a rana kamar kilishi. Ke ba 'yar jarida ba ce? Ki rubuta. In ba za ki iya ba, na san lauya."

Na ce zan tambayi waɗanda suka yi gudun.

Asabar, da rana

Na fara da kaina, tunda ni ma shaida ce.

An sallame mu rukuni-rukuni daga Blackheath. Rukunin Baha ya riga nawa, don ya fi ni sauri. Mun rabu a bakin motocin da ke karɓar jakunkuna. Ya ce, "Edita, kada ki tsaya gyara wa mutane rubutun allunansu." Haka yake kirana. Na ce ya ƙulle igiyar takalminsa sau biyu.

Mil na farko babu gudu, sai turereniya da warin man zafi. Wani mutum da muka gani ni da Baha tun a Blackheath ya wuce ni da firiji goye a baya.

An ba mu shawara kowa ya rubuta sunansa a gaban riga don 'yan kallo su kira shi. Na rubuta. Babu wanda ya faɗe shi daidai, amma sun faɗa. Daga Woolwich har Greenwich mutanen da ban taɓa gani ba suna ta kirana kamar 'yar autarsu. Yara na miƙo hannu a tafa. Coci ta fito da gangunanta, mashaya ta fito da lasifika. A kan Tower Bridge ƙarar ta kai na daina jin numfashina, na yi ɗan kuka ba dalili. Ban sake yin wani ba har yau.

Bayan gadar hanya ta karkata gabas, cikin dogayen benayen Canary Wharf, inda iska ba ta shiga. Nan rana ta fara cin mutane. Na ga masu tafiya. Na ga masu zaune a bakin titi, kai tsakanin gwiwoyi.

Akwai ruwa. Tebura a jere, 'yan sa-kai da roba a kowane hannu, suna roƙonka ka karɓa. Akwai famfon feshi da ake bi ta ƙarƙashinsa. 'Yan kwana-kwana sun fito da mesa. Mutanen gari sun fito da ƙanƙara a bokiti, da yankakken lemu, da alewa a faranti. Ni da nake can baya na samu, har ina tuntuɓe da robobin da aka sha rabi aka yar.

Gab da Blackfriars na ga an kewaye wani wuri da labule, ma'aikatan agaji a durƙushe, ruwan ƙanƙara na gangarowa kan kwalta. Na tsallake ruwan don kada safata ta jiƙe. Mai gudu ba ya kallon irin wannan, yana karya zuciya. Wata mata ta kira sunana, na ɗaga mata hannu.

Ban san ko shi ne ba. Lokacin zai iya yin daidai. Amma ba shi kaɗai ya faɗi a wurin ba.

A ƙarshe aka rataya min medal, aka miƙo min jakata. Na hango tasa a motarsu, ita da wasu 'yan kaɗan da ba a karɓa ba. Da na kunna waya na tarar da kiran wata lamba da ban sani ba.

Lahadi, da hantsi

Na leƙa shagon Awabu. 'Yar zangon Kumasi ce, ta tsufa tana sayar da doya da manja a Deptford, kuma kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Gudun yana bi ta kusa da shagonta, duk shekara takan fito da tire.

"Humaira, ka rame. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Zauna."

Ta zuba min shinkafa da wake. Ta ce ta ga Baha ranar.

"Mijinka ya zo yana dariya, ya ce Hajiya, yau kasuwa kyauta? Na ba shi lemu, ya karɓa, ya yi godiya. Ya yi gaba kaɗan ya miƙa ma wani Bature." Ta goge kanta da tsumma. "Ni na ce ko lemu na ne ba daɗi."

Na ce lemunta ba laifi, na sha nawa.

Litinin, bayan Azahar

Choji ya zo asibiti da rigar aikinsa ta direban bas. Ɗan Jos ne, shi ne abokin atisayen Baha, duk Lahadi a gefen kogi. Tare suka yi gudun, har yanzu yana ɗingishi, farcen ƙafa biyu sun fita. Bai yarda ya shiga ɗakin ba. Muka zauna a wurin shan shayi na ƙasa.

Na tambaye shi kamar yadda zan tambayi kowa: ya tsari, ya ruwa, ya jama'a. Ya ce tsari ba laifi, sai dai layin bayan gida. Ya ce jama'a sun kusa kashe shi da ƙauna. Wata tsohuwa a Poplar ta cusa masa ayaba a hannu ta ce ya yi kama da gawa, ya ci ya gode mata. Sai ya shiga juya kofi.

"Madam, kin san bai sha ba ko?"

Ya ajiye kofin ya ci gaba.

"Kowane tebur zai karɓi roba, ya juye a ka, ya juye a wuya, ya yar. A mil goma na ce, Malam, sha mana. Ya ce sai Magariba. Na ɗauka wasa ne, kin san shi. Da muka yi nisa na ce zan danne ka in ɗura maka, ni ba ruwana da ladanka. Ya ce, Choji, watan azumi gaba ɗaya na yi training ba ruwa, yau ne zan faɗi? Na ce wancan awa ɗaya ne, a sanyin Maris, ana gab da shan ruwa. Ya ce in wuce, ina ɓata lokacina a banza."

Choji ya wuce shi a mil na ashirin.

"Da na danne shi ɗin."

Na ce Baha ba ya dannuwa. Ya tambaya ko Yaya ya sani. Na ce a'a.

"To ni ban zo ba," in ji shi, ya tashi zai kama aikin yamma.

Bari in rubuta shi sau ɗaya. Baha ya yi gudun yana azumi. Sitta Shawwal, rana ta shida. Nafila ce. Ya san nafila ce.

Talata, da safe

Sifiri.

Laraba, da yamma

Wata Janet daga wurin masu shirya gudun ta kawo jakarsa da kanta. Ita ce ke kirana bayan kwana bibbiyu ta tambayi jikinsa. Ita ma "da sauƙi" nake fassara mata. Yaya ya ƙi gaisawa da ita, ya ce za su haɗu a gaban alƙali.

Muka buɗe jakar. Rigar sanyi, silifas, tawul, cajar waya, da dabino a ƙulle cikin leda. Yaya ya kwance ledar, ya ci ɗaya, ya miƙo min. Na ce na ƙoshi.

"Kin gama binciken?"

"Saura."

"Bature zai rufe maganar nan kina nan kina saura."

Na tambayi mutum tara zuwa yanzu. Ɗaya ya ce an yi cunkoso a wani tebur har ya wuce bai samu ba, ya samu a na gaba. Wata ta ce ruwan ya yi ɗumi. Wani ya ce ihun jama'a ne ya sa ya ƙi tsayawa lokacin da ya kamata ya tsaya, don kunyar tafiya a gaban mutanen da ke kiran sunansa. Wannan na rubuta shi daban. Babu wanda ya ce ruwa ya ƙare.

Alhamis, da hantsi

Na duba. Ba a ga wata ba ranar Lahadin gudun. Shawwal ya cika talatin. Litinin ɗin ma tana cikinsa.

Juma'a, bayan La'asar

Inna ta kira daga Zariya.

"Ki kai masa wayar kunne, ko numfashinsa in ji."

Na kalli na'urar tana hawa tana sauka. Na ce likita ya hana.

"Humaira."

"Na'am, Inna."

"Na haifi bakwai, na binne biyu. In da abin da zan shirya, ki gaya min in shirya."

"Da sauƙi, Inna."

Ina jin akuya na kuka a tsakar gidan.

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Ke kina cin abinci?"

Asabar, da rana

Na je gida ɗauko kaya. Tukunyar taliyar da muka ci daren jajiberin gudun tana nan a firij. Na zubar, na wanke tukunyar.

Muna cin taliyar nan ne ya ce alhamdulillahi, bana ma ya kai shidansa, bai taɓa barin su ba tun rasuwar mahaifinsa. Na ce biyar ya yi. Ya ce shida. Na ce biyar, ranar Larabar da ya yi dogon atisaye ya karya da rana, ya ce zai rama, bai rama ba. Ya ajiye cokali ya ƙirga da yatsu. Ya ce gaskiyata. Ya tambaya nawa ga wata, na gaya masa, don na sani. Ya ce, "To gobe ke nan, kada wata ya tsaya ya bar ni da biyar."

Na yi dariya. Da asuba na ji ƙarar microwave, yana ɗumama tuwon sahur. Na fito na ce nafila ce, ya bari. Ya ce jikinsa ya saba. Na koma ɗaura lambar rigata.

Ba a tambaye ni ba. Mutum yana cin abincinsa, ya yi kuskuren lissafi, na gyara. Lissafina daidai ne. Na sake bin sa sau da yawa, daidai ne.

Lahadi, da yamma

Sifiri. Tina ta ce wani lokaci ƙoda takan yi makonni kafin ta farka. Na ce wani lokacin kuma fa? Ta gyara masa matashi.

Litinin, da rana

Sun rage maganin barcin. An cire bututun numfashi. Yana numfashi da kansa, da ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Yaya ya yi sujada a tsakanin gado da injin, Tina ta tsallake shi.

Talata, bayan La'asar

Ya buɗe ido da rana. Ya kalli silin, ya kalle ni, ya kalli Yaya, ba alamar mamaki. Leɓɓansa sun tsattsage. Tina ta tsoma ɗan soso a ruwa ta kai masa baki. Ya kawar da kai. Ta sake kaiwa, ya datse baki. Ya yi magana, ba mu ji ba. Yaya ya sunkuya.

"An kira Magariba?"

"Me ka ce?"

"An kira?"

Taga a buɗe take, rana tana kan bargonsa. Yaya ya ɗago a hankali. Ya kalli soson da ke hannun Tina, ya kalle ni.

Na sunkuya na ce, "An kira, Baha. An daɗe da kira."

Ya buɗe baki.

Talata, da yamma

Yaya ya same ni a baranda, gaban injin sayar da lemo.

"Sitta Shawwal?"

"E."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun asubar."

Ya daɗe yana kallon gwangwanayen da ke cikin gilashin.

"Kika bar ni ina zagin matar mutane."

Ya juyo daga gilashin.

"Baha yana ɗan shekara tara ya suma a makaranta da azumin da ba wanda ya sa shi. Baba ya ɗura masa koko, ya yi kwana uku ba ya magana da kowa." Ya sa carbinsa a aljihu. "Ba ni lambar Janet ɗin nan. Kuma kada Inna ta ji. Za ta ce ibada ce ta kayar da shi, ba za ta san wanda za ta yi fushi da shi ba."

Bai tambayi wanda ya yi lissafin ba.

Alhamis, da hantsi

Mutane sun ji ya farka. Yanzu su ne ke cewa "da sauƙi" tun kafin in faɗa. Awabu ta aiko da kunu, ba a yarda ya sha ba. An ƙayyade masa ruwa, ɗan kaɗan a rana, tunda ba ya fita. Yana kallon jug ɗin da ke kan tebur kamar talabijin.

Sifiri.

Asabar, bayan Azahar

Likitar ta zauna a bakin gadon ta yi masa bayani. In ƙodojin suka farka, zai koma gida ya rame na 'yan watanni. In ba su farka ba, injin nan ne sau uku a mako, har a samu mai ba shi ƙoda. Ya tambaya azumin baɗi fa. Ta ce su fara ganin makon gobe.

Da ta fita ya daɗe yana kallon bututun jininsa, ja yana fita, ja yana dawowa.

"Edita."

"Na'am."

"Kin gama?"

"Na gama."

"Firijin nan ya riga ki?"

"Ya riga ni."

Ya fara dariya, ta zama tari. Na ɗaga masa kai har ya lafa.

"Azumi nawa na yi ke nan? Kin ga sun ɗura min ruwa ta jijiya tun rana na sama."

Na san amsar. Na buɗe baki na rufe.

"Faɗi mana. Ke ce ba ki barin kuskure ya wuce."

"Ban sani ba, Baha."

Ya juyo ya kalle ni sosai, karon farko tun da ya farka. Ya laluba bargo har ya sami hannuna. Hannunsa ba nauyi.

"Ni na ɗumama tuwon," in ji shi. "Ba ke ba."

Na ce ya daina magana, yana gajiyar da kansa.

Lahadi, da yamma

Choji ya zo, wannan karon ya shiga. Ya tsaya a ƙafar gadon ya ce baɗi da mazurari zai zo. Baha ya ce ya fara nemo farcensa. Sun yi maganar Tower Bridge, da tsohuwar ayaba, da wani mai kiɗan tukwane a Rotherhithe wanda ni ban gani ba. Baha ya ce abu na ƙarshe da yake tunawa shi ne mutane suna kiran sunansa daga gefe biyu, kuma daidai suke faɗa, don gajere ne. Ya ce ya so ya tsaya. Ya ce ba wurin tsayawa a cikin wannan ihun.

Na rubuta, ban san don wa ba.

Litinin, da safe

Yaya ya koma Birmingham da jirgin ƙasa na farko, hutun da aka ba shi ya ƙare. Ya bar carbinsa a kan durowa. Inna ta ji muryar ɗanta jiya, minti biyu. Ta ce muryar ta yi siriri. Ya ce network ne.

Litinin, bayan La'asar

Tina ta ɗaga ledar a haske kamar kullum. Ba ta mayar ba. Ta karkata ta, ta kira wata nas, suka juye a ɗan kofin awo. Launinsa kamar baƙin shayi, bai kai cikin cokali uku ba. Baha yana barci.

Na tambaya me hakan ke nufi. Ta ce ita aikinta ta rubuta. Ta rubuta arba'in.

Likitar ƙoda ba ta gani ba tukuna. Za a ɗebi jini gobe da safe.